Kujerar da Ba Ta Cikin Kundi

Duk wanda ya taɓa aiki da Injiniya ya san halinsa: ba ya taɓa kwamfuta sai ya gama da takarda. Shekara goma sha tara yana rubuta manhaja, bai taɓa fara layi ɗaya ba sai ya zana abin tun daga ƙofar shiga har ta fita, ya tara tambayoyi, ya amsa su, ya ɗinke kundi. Matasan ofishinsu, masu haɗa abu a yini ɗaya su kai wa mai shi ya gwada, su dawo su rushe su sake, kallon 'yan wasa yake musu. In sun matsa masa sai ya ce, "Tun ran gini tun ran zane. Ubana magini ne, ban taɓa ganin ya ɗora bulo ya ce in bai yi ba a rushe ba." Kuma a faɗi gaskiya, abin da ya gina ba ya faɗuwa. Sai dai a daɗe ana jira.

Uban nan nasa shi ya laƙaba masa sunan Injiniya tun yana ɗan shekara bakwai, ranar da ya same shi yana zanen gida a ƙasa da tsinke, har da inda ruwan sama zai bi. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi wurin aiki, har aka manta da na yanka.

To, wannan maginin, mai muryar da in ya kira lebura daga saman bene sai an waiwayo a titi, shi ne ya yanke jiki ya faɗi wata safiya a bakin famfo. Shanyewar ɓarin jiki. Ɓarin dama ya tafi, magana ta tafi. Ranar da za a sallame shi likita ya tara su uku a baranda, Injiniya da mahaifiyarsa Inna da ƙanwarsa Auta, ya ce, "Hankalinsa yana nan, yana jin ku, yana gane ku. Bakin ne ya ƙi. Hannun hagu yana aiki, ku yi amfani da shi. Kuma ba zan ɓoye muku ba, irin wannan yakan dawo. Ko gobe, ko bayan shekara biyar, Allah ne masani."

Aka kwantar da Baba a ɗakinsa, gado jikin taga, ga tsohuwar kujerarsa ta katako a gefe, wadda ya ɗaure wa ƙafa ɗaya da waya tun Auta tana goye. Sai aka shiga wahalar canki-canka. Baba ya ɗaga hannu ya yi gurnani, Inna ta kawo ruwa, ya ture. Ta kawo bargo, ya ture. Ta kunna fanka, ta kashe fanka. A ƙarshe ya juya fuska bango, hawaye na bin gefen kunnensa. Wannan kallon ne Injiniya ya kasa. Tsoro yake ji, tsoro ƙarara, na ganin mutumin da ya ɗauke shi a kafaɗa ya kasa cewa a kai shi bayi. Amma bai kira shi tsoro ba. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya kafa tebur a ɗakin da ke jikin na Baba, ya yi rantsuwa sai ya mayar wa ubansa da bakinsa.

Kai, tsarin da ya yi ba na wasa ba ne! Kalma ɗari shida, kashi goma sha biyu, kowace da hotonta, Baba ya taɓa da yatsa na'ura ta faɗa. Ya rubuta abin da zai faru in hannu ya yi rawa ya danna sau biyu, da in caji ya ƙare, da in babu sabis. Babban burinsa kuwa, ba muryar wani baƙo na'urar za ta yi ba. Yana da saƙonnin muryar da Baba ya riƙa tura masa shekara uku, faɗa da gaisuwa da tambayar jikoki. Daga cikinsu zai tsamo muryar, ya wanke ta, ya koya wa na'ura. Tun safe yake toshe kunnuwansa da abin sauraro, yana jin Baba na jiya, kundi yana ta kauri.

Auta kuma sana'arsu ɗaya, shi ne ma ya koya mata. Sai dai ta faɗa hannun irin waɗancan matasan, ta ɗauki halinsu. Wata Asabar da rana ta zaro wata tsohuwar kwamfutar hannu mai tsagaggen gefe, ta zauna a ƙasan ɗakin Baba, kafin la'asar ta haɗa wani abu. Maɓallai huɗu ne manya, zanensu kamar na 'yan firamare: kofi, bayi, barci, da jar fuska ta ciwo. Muryarta ta ɗauka ta sa. Ta ɗora a cinyar Baba, ta kama yatsansa ta nuna masa sau ɗaya.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya kai yatsa kan kofin.

"Ruwa," in ji na'urar, da siririyar muryar Auta.

Inna ta saki salati, ta ruga da kofi, ya shanye tas. Sai ya danna na biyu, muryar autarsa ta ce "Bayi" babu ko kunya. Rabin bakinsa mai motsi ya ɗaga. Ya sake dannawa. Ya sake. Sau biyar, ba don yana jin komai ba, sai don dariyar da rabon gidan da ita tun ranar famfo.

Hayaniyar ce ta fito da Injiniya. Ya tsaya a bakin ƙofa, abin sauraro a wuya.

"Wannan kuma mene ne?"

"Gwaji ne, Yaya. Da babu gara ba daɗi."

"Baba ne abin gwajin?"

"Haba Yaya. Kafin naka ya iso ne. Kuma duk abin da na gano zan faɗa maka, ka ga ka huta."

"Ba a gano abu a jikin mara lafiya. Tunani ake yi tun kafin a je."

Ya koma ɗakinsa. Ya ji daɗin dariyar Baba, wannan ba ƙarya, amma ya ji zafi ba shi ya kawo ta ba.

Kullum Auta ta dawo aiki sai ta zauna ta ga yadda Baba yake yi, ta gyara. Ta lura yatsansa yana zamewa, ta ƙara wa maɓallan girma. Ta lura duk abin da ke can gefen dama ba ya ganinsa sosai, ta tattaro komai hagu. Da ta faɗa wa yayanta wannan, ya ce, "Na sani," alhali a zanensa can saman dama ya ajiye maɓallin ciwo. Sai da ta fita ya ɗauki biro ya gyara. In ta leƙo ta ce Baba yana kiransa, yakan zo ya tsaya a ƙofa. "Baba, me kake so? Ruwa? Fanka?" Baba ya dube shi, ya dafa kujerar nan da hannun hagu. "To Baba, yanzu zan dawo, bari in ƙarasa wani abu." Abin kuwa ba ya ƙarasuwa.

Ana nan, ranar kwana na goma sha tara, gaggawa ta yi halinta. Auta ta makara, tana shan shayi a tsaye ta ƙara maɓallai biyu, shayi da rediyo, ta ajiye wa Baba ta fita. Ƙarin nan ya hargitsa maɓallai huɗun nan na farko, kowane ya bar gidansa. Inda ciwo yake jiya, yau ruwa ne a wurin. Ashe Baba ba hoton yake bi ba, yatsansa wurin ya haddace.

Wajen hantsi, garin juya shi, shanyayyiyar ƙafarsa ta lanƙwashe ta maƙale tsakanin katifa da ƙarfen gado, bargo ya rufe. Ya danna. "Ruwa." Inna ta kawo, ya ture. Ya danna. "Ruwa." Ta ce, "To Malam, ga ruwan, me kuma?" Haka aka yi ta yi har azahar, gumi ya jiƙa matashin kai, na'ura na ta roƙon ruwa da muryar yarinya. Da Inna ta rasa yadda za ta yi ta je ta cire wa Injiniya abin kunnensa da hannunta. Shi ya yaye bargon. Idon sawun ya kumbura ya yi suntum.

Da Auta ta dawo, a tsakar gida ya tare ta, kundi a hannu. Ya buɗe shafi na arba'in da ɗaya ya kai mata har hanci.

"Karanta."

Ta karanta. "Duk maɓallin da aka ba wuri, kada ya bar wurin har abada."

"Sati biyar ke nan da na rubuta wannan. Ban buƙaci ƙafar Baba ta kumbura kafin in sani ba. Ke kuwa sai da ya yi awa uku yana ihu da bakinki kina ce masa ruwa."

Nan kam ya fi ta gaskiya, kuma ta sani. Ta yi kuka har da shessheƙa. Ya shiga ya ɗauke kwamfutar daga cinyar Baba, bai ko dubi abin da ke kan gilashinta ba, ya jefa a aljihun teburinsa ya murɗa makulli. Auta ta biyo shi.

"Yaya, na yi laifi. Yau ɗin nan zan kafe su, ba za su sake motsi ba. Amma kada ka raba shi da ita."

"Sati biyu. Na gaskiya zai zo."

"Kullum kana cewa Baba bai taɓa rushe gini ba. Ka manta me yake yi kafin a haƙa tushe? Ni na riƙe masa bakin igiyar sau nawa. Turaku yake kafawa, ya ja igiya a ƙasa, ya ce ga ɗaki, ga kicin, ga ƙofa. Sannan ya kira matar gidan ya ce ɗauki tukunya ki bi ta nan mu gani. In ta yi karo da igiya, ya cire turke ya matsar. Sau uku, sau huɗu. Shi ya sa ba ya rushe bulo, Yaya. Igiyar yake rushewa."

Ya tuna, sarai ma kuwa. Amma zuciya ta riga ta hau.

"Igiyar Baba ba ta taɓa kumbura ƙafar kowa ba."

Ta ce, "Na'urar tana ajiye duk abin da ya danna. Zan tura maka jerin. Ko shi kaɗai ka duba, akwai abin da yake naka a ciki."

Saƙon ya shigo wayarsa kafin magariba. Bai buɗe ba. Inna kuma ta ce wa Auta ta bi yayanta, ya fi ta sani. Ita ma Autar tsoro ya kama ta, ba ta sake ko yanka kwali ta zana kofi ba.

Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Sati biyu ya zama huɗu, don muryar tana fita da ƙara kamar ta cikin gwangwani, shi kuma ya ce ubansa ba zai yi magana da muryar gwangwani ba. Huɗu ya zama shida, don ya gano kalma goma sha ɗaya da hotunansu suka yi kama da juna. Duk wannan lokacin an koma canki-canka. Baba ya daina gurnani ma. Sai dai in ya ji motsi a ɗakin da ke jikin nasa, ya miƙa hannu ya riƙa buga kujerar, tas, tas, tas. Injiniya ya leƙo.

"Saura kaɗan, Baba. Da muryarka za ka yi magana, wallahi sai ka yi mamaki."

Baba ya dube shi har Injiniya ya juya ya fita.

Ranar wata Alhamis ya gama. Ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, duk ɗari shidan, babu wadda ta yi gardama. Ya ce gobe da safe, in an yi wa Baba wanka ya karya, zai kai masa. Da safen, Inna tana goge masa fuska, ta ga idonsa ya juye, hannun hagun ya zame daga kan bargo ya rataya.

Kwana tara suka yi a asibiti. Ya rayu. Likitan nan dai ya sake tara su a barandar, wannan karon bai yi dogon bayani ba. Hagun ma ta tafi. Abin da ya rage ido ne.

Duk da haka, washegarin dawowarsu Injiniya ya shigo da sabuwar na'urar, fes da ita, ya ɗora a cinyar Baba. Ya ɗaga hannun ya aza yatsan a kan gilashin. "Danna, Baba. Ko kaɗan ne, tana ji." Yatsan ya kwanta inda aka ajiye shi. Ya sake gyara shi, ya sake roƙo. Da abin ya ƙi, don dai Baba ya ji, sai ya danna da nasa yatsan.

"Sannunku da aiki!"

Muryar Baba ce, cikakkiya, irin ta saman bene. Ta cika ɗakin. Inna ta toshe baki da mayafi ta fita da gudu. Auta ta sunkuyar da kai. Baba kuwa ya runtse ido, ya ƙi buɗewa har sai da aka ɗauke abin daga jikinsa.

Injiniya ya koma ɗakinsa ya zauna a gaban kundin. Bai san me ya sa ya ɗauki waya ba. Ya gangara ƙasa, ya wuce saƙonnin ofis da na 'yan dubiya, har ya kai kan na Auta. Jeri ne gajere, na kwana goma sha tara. Ruwa, sau tamanin da huɗu. Bayi, hamsin da biyu. Barci, ashirin. Ciwo, goma sha biyu. Sai layi na ƙarshe: kujera, ɗari biyu da goma sha uku.

Bai san da maɓallin kujera ba. Ya buɗe aljihun teburin, ya sa wa tsohuwar kwamfutar caji, ya tsaya a kanta har ta farfaɗo. Ga shi nan a ƙasan hagu, inda yatsa ya fi saurin kaiwa, zanen kujera mai ƙafa ɗaya a karkace. Gilashin wurin har ya dushe da shafa. Ya danna.

"Injiniya, zo ka zauna."

Auta tana bakin ƙofa, bai ji zuwanta ba. Ta ce, "Kwana na uku na sa shi. Ya yi ta danna inda babu komai, yana buga kujerar yana kallon bangon ɗakinka. Na gwada abu huɗu kafin in dace. Da ya ji wannan, sai ya riƙe hannuna."

Ya jawo kundin, ya buɗe kashin kayan ɗaki, yana bi da yatsa duk da ya san abin da zai tarar. Gado, fanka, taga, fitila, rediyo, bargo. Babu kujera. Ya ma tuna ranar da ya soke ta, da dalilinsa mai kyau: wanda ba ya iya tashi, me zai yi da kujera? Sau ɗari biyu da goma sha uku ana kiransa ta bayan bango ɗaya, shi yana ciki ya toshe kunne da muryar mai kiran. Ya kifa kai a kan kundin ya yi kukan da bai yi ba tun ranar famfo. Auta ba ta ba shi haƙuri ba, ba ta kuma ce ai na faɗa maka ba.

Da ya ɗago, ya kama shafi biyu na ƙarshe ya yage. Ya juya bayansu, ya ɗauki biro mai kauri. A ɗaya ya zana kofi. A ɗayan ya zana kujera, ta fito a karkace ta fi ta Auta muni.

"Yaya, ba mu san ko zai iya bi da ido ba."

"Ba mu sani ba," ya ce. "Zo mu gani."

Suka shiga. Baba yana kwance, ido a buɗe, yana kallon silin. Injiniya ya tsaya a ƙarshen gado ta ɓangaren hagu, inda Baba ya fi gani. Ya ɗaga kofin sama, ya riƙe kujerar a ƙasa, ya raba su sosai.

"Baba, ni ne. Ka kalli wanda kake so."

Idon ya sauko a hankali. Ya tsaya a kan kofin, har Auta ta juya za ta ɗebo ruwa. Sai ya wuce. Ya gangara kan karkatacciyar kujerar ya tsaya cak. Daga nan ya tashi ya koma fuskar Injiniya, ya sake komawa kan takardar.

Injiniya ya ajiye takardun a ƙasa. Ya kwashe kwalaben magani da tawul ɗin da aka tara a kan kujerar, ya jawo ta har ta taɓa ƙarfen gado, ya zauna. Ƙafar da aka ɗaure da waya ta yi ƙara, ta riƙe shi. Ya ɗauki hannun hagun, mai sanyi, mai nauyi, ya ɗora a gwiwarsa. Bai tambayi Baba me yake so ba. Baba kuma bai ɗauke ido daga kansa ba har rana ta bar tagar.